Tarin Baba da Hoton Baffa

Assalamu alaikum. Sunana Rakiya, a Kankia nake aure, amma 'yar Mawashi ce ni, ta ƙasar Kusada. Na daɗe ina cewa zan ba da labarin nan ina fasawa. Yau dai na ce bari in faɗa, ko Allah zai sa wani ya kai tsohonsa asibiti tun yana takawa da ƙafarsa. Jinya biyu na yi a jere, ta mahaifina da ta ƙanensa. Ɗaya ya tafi, ɗaya yana nan yana cin tuwo. Kuma in gaya muku tun yanzu, ni mai kishi ce, ban kuwa iya ɓoye shi ba.

Ni ce 'yar fari a wurin Baba. Wanda ya tashi a irin gidajenmu ya san abin da wannan ke nufi. Tun da aka haife ni bakinsa bai taɓa furta sunana ba, "waccan" yake ce mini. In na durƙusa gaishe shi, bango yake kallo ya amsa. Ba ƙiyayya ba ce, kunyar ɗan fari ce, haka ya taras ana yi, har yabonsa ake a kanta. Ana yaye ni kakata ta ɗauke ni, a ɗakinta na girma. Shi kuma ƙanensa, Baffa Sani, da ya samu tasa 'yar farin, Asabe, sai ya miƙa wa Baba riƙonta. To nan fa! Duk abin da Baba bai iya yi mini ba, sai ya juye wa Asabe. Ya ɗora ta a kafaɗa, ya sayo mata alewa da 'yan kunne, ya tsokane ta, ta ja masa gemu, ni ina leƙe daga ƙofar ɗakin kaka. Har muka yi aure muka hayayyafa abin nan bai fita daga raina ba. Ita uba biyu gare ta, ni ko ɗayan ban samu cikakke ba.

Baba da Baffa direbobi ne a da. Motar haya suka ja tsakanin Kano da Katsina tun suna samari, har ido ya fara gajiya suka koma gona. A hanyar nan suka koyi sigari, kara ɗaya ma rabawa suke yi. Baba ya bari 'yan shekarun baya, lokacin da aka fara sa shi gaba yana jan salla a masallacin unguwa. Baffa kuwa bai bari ba, bayan rumbu yake zagayawa. Kowa a gidan ya sani, ba mai faɗa, don a wurinmu ba a cewa dattijo yana shan taba.

Tarin Baba ya fara ne lokacin shuka. Da fari aka ce sanyin damina ne. Gwaggo, yayarsu Baba, ta haɗo zuma da tafarnuwa da citta, mai kemis ya ba da na kwalba, wani ya kawo jiƙo mai ɗaci kamar me. Tari ya ƙi tafiya. Innarmu ta riga mu gidan gaskiya, ƙannena maza kuma duk suna kudu wurin neman abinci, don haka jinya ta faɗo kanmu ni da Asabe. Ran da na ga jini a kakin da ya tofar cikin ƙasa, na ja Asabe gefe na ce ta lallashe shi mu tafi asibiti. Ita kaɗai ce za ta ce masa tashi ya tashi.

Wani ƙaramin asibiti muka fara zuwa. Bayan mun sha layin kati da layin awo, muka shiga wurin ma'aikacin, ya dubi Baba ya ce, "Baba, kana shan taba, ko ka taɓa sha?"

Kafin Baba ya buɗe baki Asabe ta yi caraf ta ce, "Haba malam! Liman ne fa. Wace irin taba kuma?"

Baba ya sunkuyar da kai. Ma'aikacin ya ba da haƙuri, ya ci gaba da rubutu. Ni ina tsaye a baya riƙe da buta da takalmansa. Na san rawayar da ke tsakanin yatsunsa biyu, na san warin da ke tashi daga rigunansa tun ina yarinya in ana wanki. Amma ta ina 'yar fari za ta buɗe baki a gaban ubanta ta ce ya sha taba shekara da shekaru? Da muka fito Baba ya dafa kan Asabe ya ce, "Allah shi yi miki albarka, ɗiyata." Ta rufa masa asiri, ta sha albarka. Ni na ajiye masa takalma ya zura ƙafa.

Aka ɗauki hoton ƙirji, aka ga inuwa a gefe guda, aka ce ga alama tarin fuka ne, aka ɗora shi kan magani na watanni. Duk daminar nan ina hanya tsakanin Kankia da Mawashi. Na rufe keken ɗinkina, na bar wa maigidana yara, Allah ya saka masa, ko sau ɗaya bai ɗaure mini fuska ba. Ni ce dama kunu, ni ce wanke kwanon tofi, ni ce shanya shimfiɗa. Asabe tana koyarwa a firamare, sai an tashi take zuwa, ta shigo da ƙamshinta da ledar lemo. Mutumin da ya wuni bai ce uffan ba, yana jin sallamarta sai ya yunƙura ya zauna. "Asabe, kin zo? Zo nan ki ba ni labari." Kunun da na yi ta fama ya ƙi karɓa, ita tana miƙa masa sai ya shanye. In gishiri ya yi yawa a miya kuwa, ina tsugune a gabansa zai dubi Asabe ya ce, "A ce wa waccan ta rage gishiri." Wallahi akwai ranar da na fita bayan ɗaki na ciji mayafina don kar a ji kukana.

Mako ya bi mako, magani yana shiga, Baba yana ƙarewa. Wuyansa ya zurma, muryarsa ta dishe, kafaɗarsa ta dama ta riƙa ciwo har ba ya iya kwanciya a kanta. Gwaggo ta ce sammu ne, wai tun da aka ba shi limanci wasu ba su ji daɗi ba. Wani ya ce iska ce, a yi turare. Aka sha rubutu, aka yi sadakar waina. Ban hana ba, ni ma na dama rubutun da hannuna. Amma da aka fara yankan gero na ga Baba ba ya iya zuwa bayan gida sai ya tsaya ya huta a hanya, na ce wa Asabe ko ta yarda ko kar ta yarda Katsina za mu.

A can Allah ya haɗa mu da wata likita, dattijuwa mai gilashi, marar yawan magana. Ban san sunanta ba, amma kullum tana cikin addu'ata. Ta kama hannun Baba kamar za ta ji bugun jini, sai ta juya yatsun ta duba. Ta ce mu biyu mu ɗan ba su wuri. Abin da suka faɗa ban ji ba, amma da ta kira mu ta riga ta san komai. Ta ce hoton da muka kawo bai isa ba, sai an yi wanda ake kwantar da mutum a tura shi cikin na'ura, siti sikan suke ce masa. Tumakin gida suka tafi kasuwa. Aka yi hoton, aka sa allura aka ɗebo ɗan abu daga ƙirjin aka kai gwaji, muka yi ta zaman jira a barandar asibiti muna cin rogo da ƙuli.

Da sakamako ya fito ta zaunar da mu ta ce kansar huhu ce, kuma ta riga ta fita daga huhun ta kama wasu wurare. Asabe ta fasa kuka, ta ce don Allah kar a faɗa masa, zai karaya. Likitar ta ce, "Jikinsa ne. Na tambaye shi tun ran farko ko yana son a faɗa masa duk abin da aka gani, ya ce yana so." Ta shiga ta gaya masa a hankali, ta faɗa masa abin da magani zai iya da wanda ba zai iya ba. Baba ya yi salati, ya ce a ba shi abin rage ciwo a mai da shi gida.

Kafin a sallame mu Baffa Sani ya zo dubiya, da farar hularsa da ledar ayaba. Likitar tana zagayen marasa lafiya ta wuce ta kusa da shi, na ga ta ɗan dakata. Bayan ya fita ta yafito mu ni da Asabe.

"Wancan mai farar hular wane ne?"

Asabe ta yi ƙasa da kai, ni na ce ƙanen Baba ne.

"Tare suka sha?"

Wannan karon na riga Asabe. Na ce, "Tare, likita. Shi har yau bai bari ba."

Ta cire gilashinta ta ce, "To ku saurara. Hoton nan da aka yi wa babanku, akwai irinsa mai sauƙi da ake yi wa wanda lafiyarsa ƙalau. Ba don mai tari aka yi shi ba, don wanda bai fara ba ne. Ba kowa ake yi wa ba, sai wanda ya manyanta kuma ya daɗe yana shan taba sosai, ko bai jima da bari ba. Ciwon nan ba ya yin magana sai ya girma. In an kama shi yana ƙarami, sau da yawa ana iya cire shi."

Na ce, "To ai sai mu kawo shi gobe."

Ta ce, "A'a, ba akuya ba ne da za ku jawo shi. Abin yana da nasa wahalar. Ana iya ganin tabo a tayar wa mutum da hankali, a yi ta gwaje-gwaje, har a sa allura, a ƙarshe a ga ba komai ba ne. Ana iya cewa a jira watanni a sake, jiran kuwa ba daɗi. Ba sau ɗaya ake yi a huta ba, ana maimaitawa. Akwai kuɗi, akwai hanya, na'urar kuma tana da ɗan haskenta da ke shiga jiki. Wani lokaci ma ciwon yana kuɓuce wa hoton. Sannan in ya san ko an gani ba zai yarda a yi masa aiki ba, to ya faɗa tun yanzu. Wadda za ta yi masa magana a cikinku, kar ta tsorata shi, kar ta lallashe shi. Ta faɗa masa duka biyun, ta bar shi ya zaɓa. In yana da tambaya ƙofata a buɗe take."

Wato akwai lokacin da Baba yake lafiya lau, yana saɓa galma yana tafiya gona, abin nan yana ciki ɗan mitsitsi, kuma akwai na'urar da wataƙila da ta gan shi. Ba wanda ya gaya mana. Yanzu da aka gaya mana, uban Asabe ne zai amfana.

Muka koma Mawashi. Baba bai ga bazara ba. Makonnin ƙarshe ni ke juya shi, ni ke goge masa baki, ni ke jiƙa auduga in ɗiga masa ruwa. In na matso sai ya juya fuska bango, ya bar mini baya. Na haddace bayan nan, har ƙasusuwan na sani ɗaya bayan ɗaya. Ranar da zai cika, da hantsi ne, kofi yana hannuna, ya motsa baki na kai kunne. Ya ce, "Asabe, ruwa." Na ba shi ruwan. Ko a zaman makoki, mata suna shigowa wurinta suke fara nufa: "Asabe, ya haƙuri? An yi rashin uba." Ni sai a juyo a ce, "Rakiya, sannu da ɗawainiya," kamar wadda aka ɗauko aiki.

Bayan sadakar bakwai Asabe ta same ni ina haɗa kayana. Ta ce, "Yaya, maganar likitar nan fa. Ke za ki yi wa Baffa." Ita ma Baffa take ce masa, kamar mu.

Na ce, "Ubanki ne ko nawa?"

"Kin san ba zan iya ba. Ko gaisuwata da ƙyar yake amsawa. Ke kuwa yana wasa da ke."

Na ce, "Au, yau kin san akwai bakin da ba ya buɗuwa? Ran da kika ce wa ma'aikaci liman ne fa, ai naki a buɗe yake."

Hawaye suka zubo mata. Na ɗauki jakata na fita, na hau mota sai Kankia. Na koma kan kekena ina ɗinki ina cika ina batsewa. In ce me? In je in tsamo mata nata uban, bayan ta gama cinye nawa? Maigidana ya yi mini magana sau ɗaya, na ce ya bar ni. Ya ce, "Shi kenan, amma Baffa bai yi miki komai ba." Na yi kamar ban ji ba.

Sai ranar sadakar arba'in. Na zagaya bayan rumbu zan zubar da ruwan wanke-wanke, na yi kiciɓis da Baffa a tsugune. Ya yi wuf ya murje abin a ƙasa ya ɗora takalmi. Ya ɗaga hannu yana kore hayaƙi yana dariyar kunya, ni kuwa hannun na tsaya kallo. Hannun Baba ne sak, da gajerun yatsun, da rawayar nan a wuri ɗaya. Na zubar da ruwan na koma ciki.

Washegari na dama fura na same shi gindin dalbejiya yana gyaran ƙotar fartanya. Ya ce, "A'a, Rakiya 'yar ɗakin kaka! Yau ni aka tuna?" Na zauna na ce magana na kawo, kuma sai ya yafe mini don zan ambaci abin da ba a ambata. Na ce, "Baffa, taba."

Ya ajiye ƙotar. Na gaya masa abin da likita ta ce, tiryan-tiryan.

Ya ce, "Kin ji ina tari?"

"Ban ji ba."

"To mi zai kai mai lahiya asibiti? In tai neman abin da bai neme ni ba?"

Na ce shi ma Baba sai da abin ya gama girma sannan ya yi tarin. Na so in tsaya nan, don na ga ya tsorata, kuma na san in na ƙara matsawa kaɗan zai bi ni ko'ina. Amma muryar likitar ta dawo mini. Sai na juya na faɗa masa ɗaya gefen: tabon da zai iya zama ba komai ba, jiran watanni, allura, maimaitawa, dabbobin da za su tafi kasuwa, da cewa hoton ba ya ba da tabbas. Na ce in kuma an ga abin gaske, maganar yanka ce za ta taso, sai ya san ko zai yarda.

Ya ce, "In ke ce, mi za ki yi?"

Na ce, "Ni ba ni na sha ba, Baffa. Kuma an ce kar in zaɓa maka."

Ya yi 'yar dariya, sannan ya ce, "Shi Yaya an ba shi wanga zaɓi?"

"Ba a ba shi ba."

Ya ce in tashi in tafi, zai yi shawara da zuciyarsa, zai kuma roƙi zaɓin Allah. Na koma Kankia ban sake tayar da maganar ba. Asabe ta yi ta kirana a waya tana cewa in ƙara matsa masa, na ce in tana da baki ta je da kanta.

Wata safiya ina shara sai ga sallamarsa a ƙofar gida, ya sha babbar rigarsa ta zuwa Juma'a. Ya ce, "Ɗauko mayahinki mu tahi. Amma da sharaɗi. Duk abin da aka gani, ni za a faɗa ma, ba ku ba." Muka tari mota a bakin titi. A wurin likitar ya yi ta jero tambayoyi har da waɗanda ban zata ba: ko zai iya noma da ragowar huhu, ko in ya bar taba yanzu akwai sauran amfani. Ta ce akwai, babba ma, ko an yi hoto ko ba a yi ba. Ta amsa masa komai, ta sake tambayarsa ko har yanzu yana so. Ya ce a yi.

Aka ga ɗan tabo. Likita ta ce ƙarami ne ƙwarai, ba za a taɓa shi ba tukuna, a dawo bayan wasu watanni a ga ko ya motsa. Tabɗi! Watannin nan ni na san su. Baffa ya daina cin abinci sosai, ya bar taba ya koma, ya sake bari ya kama goro. Gwaggo ta aiko a gaya mini wai na ɗauki mutum da lahiyarsa na kai an sa mashi ciwo. Shi kansa ran nan ya ce mini, "Rakiya, da ina barcina lami lahiya, kin kwashe mini shi." Na ce, "Ai na faɗa maka akwai jira." Ya ce, "Kin faɗa. Ni na ce a yi. Bar ni dai in yi mitata." Asabe kuwa ba mai ce mata komai, ita ce abar tausayi, ni ce mai jawo magana.

Da aka sake hoton, tabon ya ƙaru. Aka ɗebo aka gwada, irin na Baba ne, amma bai je ko'ina ba. Aka tura mu Kano. Baffa da bakinsa ya ce a yi aikin, ya dangwala hannu da kansa. San noma ya bi tumaki kasuwa, 'yan uwa na kudu suka turo abin da ya sawwaƙa. Aka cire wani yanki na huhun, ya kwana biyu da roba a haƙarƙari, ya sha wuya ba kaɗan ba. Amma ya tashi. Har yanzu muna komawa ana dubawa, likitoci ba su ce an gama ba, sun dai ce alhamdu lillahi.

Don haka ga abin da zan ce muku. In likita ya tambayi tsohonku ko ya taɓa shan taba, ku fita ku ba su wuri, rufin asirin nan mu ya ci mu. In kuna da wanda ya daɗe yana sha, kar ku jira tari, ku kai maganar wurin likita ku ji ko yana cikin waɗanda hoton ya dace da su. Kuma in za ku faɗa masa, ku faɗa masa da daɗin da ɗacin. Ba kowane tabo ne ciwo ba, ba kuma kowa ne zai ce a yi ba. Wanda ya ji duka ya ce a'a, shi ma ya zaɓa. Na gode wa likitar nan, na gode wa nas-nas ɗin da suka yi haƙuri da mu. Amma ina da ƙorafi: me ya sa sai da na rasa uba sannan na ji akwai wannan abu?

Da aka dawo da Baffa Mawashi, Asabe ta ɗauki hutu ta tare a gidan don jinya. Ni ina zuwa ina komawa. Ran nan da azahar na shigo na taras ta durƙusa a gaban gadonsa da kwanon kunu, tana cewa, "Baffa, ga kunu." Shi kuwa ya juya fuska bango. Yana jin sallamata ya yunƙura ya ce, "Rakiya, kin zo? Zo nan. A ce wa waccan kunun ya yi kauri."

Asabe ta ajiye kwanon ta fita. Na bi ta na same ta a bayan ɗaki, daidai inda nake tsayawa a da, ta cusa mayafi a baki. Da ta gan ni ta ce, "Yaya, haka Baba ya riƙa yi miki?"

Na ce, "Haka."

"Duk watannin nan?"

"Duk shekarun nan."

Ta ce, "Wallahi da ciwo."

Na daɗe ina jiran ranar da za ta ɗanɗana, kuma ba zan yi muku ƙarya ba, na ji wani ɗan sanyi a raina. Amma bai daɗe ba. Na ɗan zagayo na hango cikin ɗakin ta ƙofa. Baffa ya koma ya kwanta, ya ba ƙofa baya, bayan nan yana ɗagawa yana sauka, yana ɗagawa yana sauka. Sai kishin ya dawo mini sabo fil, wanda ya fi na alewa da 'yan kunne.

Na ce, "Share fuskarki ki koma ki ƙara wa kunun ruwa. Ko bai juyo ba ki ba shi. Ke naki bayan yana nan yana numfashi."

Ta shiga. Na tsaya a bakin ƙofa ina leƙe, ta tallafo kansa, ya karɓa yana kallon bango, ya sha.

Allah ya ƙara wa Baffa lafiya. Allah ya ji ƙan Baba, ya sa in mun haɗu a can ya kira ni da sunana.